Kwabon Murabus: Shaidar Tagulla A Kan Sarakunan Rum Biyu



Ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan ja ka zuwa wani fage da ba mu saba shiga ba, wato fagen masu tara tsofaffin kuɗaɗen daular Rum. A cikin waɗannan mutane akwai waɗanda suka keɓe himmarsu ga nau'in kwabo guda, wanda suke kira kwabon murabus. Na tagulla ne, an yi masa wankan azurfa sama-sama, faɗinsa bai kai santimita 3 ba, nauyinsa kuwa kimanin giram 10. An fara buga shi a shekarar 305 Miladiyya, kimanin shekara 265 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), domin a sanar da talakawan daular, tun daga Birtaniya har Masar, cewa manyan sarakunansu biyu sun ajiye mulki alhali suna raye.

Burin mafi yawan masu tarawa shi ne su samu kwabon kowane ɗaya daga sarakunan biyu, daga kowane gidan buga kuɗi, su jera su a akwati. Ni kuwa ina ganin wanda ya tsaya a nan bai tara tarihi ba tukuna, sanarwar fada ya tara. Labarin ba ya cika sai an haɗa da wasu kwabbai biyu da suka biyo baya. Amma bari mu fara sanin mutanen.

Tsakanin 235 da 284 daular Rum ta ga sarakuna fiye da 20, kuma ƙalilan ne daga cikinsu suka yi mutuwar Allah da Annabi, kamar yadda Bahaushe yake faɗa. Soja ke naɗawa, soja ke kashewa. A wannan hali ne, ranar 20 ga Nuwamba 284, rundunar gabas ta naɗa wani hafsa ɗan talakawa daga yankin Dalmashiya, a gaɓar tekun ƙasar Kuroshiya ta yau. Sunansa Diyoklitiyan, wanda Larabawa suke kira Diƙlidiyanus. Kada ɗalibi ya rikita shi da Daƙayanus da ake ambata a tafsirin ƙissar Ashabul Kahfi, domin wancan galibi ana nufin sarki Desiyus ne, wanda ya yi mulki daga 249 zuwa 251.

Diyoklitiyan ya ga ƙasar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai ya ɗauko abokinsa na soja, Maksimiyan, ya ba shi muƙamin Agustus a 286, ya damƙa masa yamma, shi kuma ya riƙe gabas. A 293 aka ƙara mataimaka biyu masu laƙabin Ƙaisar, wato Konstantiyus a yamma da Galeriyus a gabas. Sarakuna huɗu ke nan a kan daula ɗaya. Kimanin 294 ya gyara kuɗin ƙasar, ya fito da wannan babban kwabo na tagulla. Masana na yau suna ce masa follis. Kalmar asalinta jakar kuɗi take nufi, daga baya ta zama sunan kwabon tagullar Rumawan gabas, kuma daga gare ta Larabci ya samu fals da fulus, har da muflis, mutumin da ya tsiyace.

Ranar 1 ga Mayu 305 aka yi abin da ba a taɓa gani ba. A wani tudu a wajen birnin Nikomediya, wato Izmit ta Turkiyya a yau, Diyoklitiyan ya tsaya gaban sojoji, ya ce jiki ya gaza, ya tuɓe alkyabbar sarauta mai launin shunayya ya yafa wa sabon Ƙaisar, ya hau keken doki ya nufi ƙasar haihuwarsa. A wannan rana kuma, a birnin Milan na Italiya, Maksimiyan ya yi haka nan. Mataimakan biyu suka hau matsayin Agustus, aka naɗa sababbin mataimaka biyu, Seberus da Maksiminus. Shi ne sarkin Rum na farko da ya sauka da kansa.

To, ga kwabon a tafin hannunka. A fuskarsa akwai hoton dattijo sanye da kambin ganye da alkyabbar girma, a hannu ɗaya reshen zaitun, a ɗayan kuma naɗaɗɗen ƙyalle irin wanda babban jami'i yake saki domin a fara tseren keken doki. Babu sulke, babu mashi. Rubutun da ya kewaye shi ya ce D N DIOCLETIANO FELICISSIMO SEN AVG, ma'ana: ga ubangidanmu Diyoklitiyan, mafi sa'a, dattijon Agustus. A wasu kuma BAEATISSIMO aka rubuta, wato mafi albarka. A bayan kwabon siffofin mata biyu ne suke fuskantar juna, ɗaya ta miƙa hannu, ɗayar tana riƙe da reshe ta dogara da sanda, an rubuta PROVIDENTIA DEORVM QVIES AVGG, wato tanadin alloli, hutun sarakuna, bisa aƙidarsu ta shirka. Harafin G da aka maimaita a ƙarshe alama ce cewa sarakunan biyu ne.

Wanda ya ɗan taɓa nahawu zai ji daɗin wani abu a nan. A kwabbansa na lokacin mulki sunan yana zuwa ne DIOCLETIANVS, siffar da mai aiki yake ɗauka a harshen Latin, kamar marfu'i a Larabci. A kwabon murabus kuwa ya koma DIOCLETIANO, siffar wanda ake yi wa abu, kamar sunan da harafin lamun ya shiga masa. Jiya shi ne mai buga kuɗi, yau shi ake buga wa. Kalmar IMP, wadda take nufin mai ba rundunoni umarni, ita ma ta ɓace. Da sauyin ƙarshen kalma kawai aka faɗi gaskiyar lamarin: muryar da ke cikin wannan kwabo ta magadan da suka hau ce, kuma su ne suke da buƙatar kowa ya yarda cewa an sauka lami lafiya.

An buga shi a Landan da Tiriya ta Jamus da Liyon ta Faransa, da Roma da Akwiliya da Tisinum a Italiya, da Kartaj a Tunisiya ta yau, da Sardika wadda ita ce Sofiya, da Anɗakiyya da Iskandariyya da sauransu. Kowane gida yana da alamarsa a ƙasan kwabo, PTR na Tiriya, ALE na Iskandariyya, ANT na Anɗakiyya. Na Landan na 305 ba su da alama ko kaɗan, da salon zanen fuska ake gane su. Wannan bambanci shi ne yake jan masu tarawa, kuma ban raina shi ba. Hoton Iskandariyya dabam, na Landan dabam, amma saƙon harafi da harafi ɗaya ne, a zamanin da doki da jirgin ruwa ne mafi saurin manzanni. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙarfin tsarin da Diyoklitiyan ya gina.

Sai dai duba nan. Abin da aka rubuta wa Diyoklitiyan shi aka rubuta wa Maksimiyan. Alkyabba iri ɗaya, reshen zaitun iri ɗaya, hutu iri ɗaya. In ka rufe sunan da yatsa, da wuya ka bambance su. Alhali a zukata babu abin da ya haɗa su. Diyoklitiyan ya fara gina gidan da zai zauna a Split tun wajen 295, shekara goma kafin saukarsa, gida mai ganuwa da ya kai kimanin hekta 3. Marubucin nan Kirista, Laktantiyus, wanda ya zauna a Nikomediya kuma ya tsane shi, ya ce Galeriyus ne ya tilasta masa bayan doguwar jinyar da ya yi a 304. Ba na kore cewa ciwo da matsin lamba sun gaggauta ranar, amma mutum ba ya shekara goma yana ginin gidan da bai yi niyyar shiga ba. Maksimiyan kuwa, abin da aka ruwaito shi ne an sa shi ya yi rantsuwa a ɗakin bautar Jufita a Roma cewa zai sauka tare da abokinsa. Ya sauka, ya koma wani gida a kudancin Italiya, yana jiran ƙofa ta buɗe.

Ba ta daɗe ba. Ranar 25 ga Yuli 306 Konstantiyus ya mutu a Yok ta Ingila, sojoji suka naɗa ɗansa Konstantin ba tare da sun tambayi kowa ba. Ranar 28 ga Oktoba ta wannan shekara Maksentiyus, ɗan Maksimiyan, ya ƙwace Roma, ya kira mahaifinsa, tsohon ya amsa da gudu. Nan ne kwabo na biyu yake shigowa. A kwabban da aka buga a Italiya a 307, sunan ya koma MAXIMIANVS, IMP ta dawo gabansa, reshen zaitun ya tafi. Daga majaruri ya koma marfu'i cikin shekara biyu. Kwabon ma ya rame, domin a 307 aka fara rage nauyinsa, yaƙin basasa kuwa cin kuɗi gare shi. Ajiye wannan kusa da na 305, ka ga yadda tagulla take ƙaryata 'yar'uwarta.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. Seberus, halattaccen sarkin yamma, ya miƙa wuya a Rabenna, bai fita da rai daga 307 ba. Maksimiyan ya aurar da 'yarsa Fausta ga Konstantin. A 308 ya tashi gaban sojoji a Roma ya fizge alkyabba daga kafaɗar ɗansa na cikinsa, sojojin suka goyi bayan ɗan, uban ya gudu wurin suruki. A Nuwamba 308 Galeriyus ya kira taro a Karnuntum, a bakin kogin Danub kusa da Biyana ta yau, aka ɗauko Diyoklitiyan daga gidansa domin ya raba gardama. A wurin ne aka roƙe shi ya koma kan mulki. Wani taƙaitaccen tarihi da aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 4 ya ruwaito cewa ya nuna musu da sun ga kabejin da ya shuka da hannunsa, da ba su kawo masa wannan magana ba. Aka naɗa Lisiniyus, aka sake tilasta wa Maksimiyan murabus karo na biyu. A 310, Konstantin yana bakin daga a kogin Rayin, tsohon ya shelanta a Arles cewa surukinsa ya mutu, ya sake ɗaukar alkyabba karo na uku. Konstantin ya juyo da gaggawa, ya ritsa shi a Marsel, mutanen birnin suka buɗe ƙofa. A Yuli 310 aka ce ya rataye kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina so in mai da Diyoklitiyan waliyyi. Masu sayar da waɗannan kwabbai suna son labarin kabeji, domin yana sayar da kaya, sai ka ji kamar wani zahidi ne ya juya wa duniya baya. Mutumin da ke kan kwabon nan shi ne ya fara, a Fabrairu 303, mafi tsananin azabtarwar da Rum ta yi wa Kiristoci: rusa majami'u, ƙona littattafai, ɗauri da kisa. Har yau Ƙibɗawan Masar suna ƙirga shekarun kalandarsu daga 284, shekarar hawansa, suna kiranta zamanin shahidai. Kuma gidan da ya koma ba bukkar manomi ba ne, fada ce mai hasumiyoyi da dogarai. Ya bar kujera, wannan gaskiya ne, kuma ya ƙi komawa da aka kira shi, wannan ma gaskiya ne, ba kuwa ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ɗanɗani iko shekara 20. Iyakar abin da zan yaba masa ke nan.

Hutun ma da kwabon ya yi masa alkawari bai same shi cikakke ba. Bayan mutuwar Galeriyus a 311, matarsa Baleriya, 'yar Diyoklitiyan, ta ƙi auren Maksiminus, wanda Diyoklitiyan ya yafa wa alkyabba da hannunsa a tudun Nikomediya. Maksiminus ya ƙwace dukiyarta, ya kore ta ita da mahaifiyarta Piriska zuwa Sham. Tsohon ya aika manzo bayan manzo yana roƙon a maido masa da 'yarsa, aka ƙi. Da Konstantin ya ba da umarnin rusa gumaka da hotunan Maksimiyan, na Diyoklitiyan ma suka faɗi, domin tare ake zana su. Ya mutu a gidansa tsakanin 311 da 313, masana sun saɓa a kan shekarar. Bayansa Lisiniyus ya sa aka kashe matar da 'yar a Tasalonika. Ginin da ya tanada domin kabarinsa a Split kuwa, daga baya majami'a aka mai da shi, mai ɗauke da sunan Dominiyus, limamin Kiristocin Salona da aka kashe a zamaninsa. Duk wannan babu ko harafi ɗaya nasa a kan tagulla.

Na san ɗalibi zai tambaye ni batun hoto da sunan alloli. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne dinaren da ake mu'amala da shi a Hijaz a zamanin Annabi (SAW) da sahabbai na Rumawa ne, mai hoton sarkinsu, dirhami kuma na Farisa, har sai da Abdulmalik bn Marwan ya buga dinare mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira. Ajiye kwabo a aljihun tebur domin nazari ba daidai yake da kafa shi a bango domin girmamawa ba. Tafsilin hukuncin kuwa na bar wa malaman fatawa, wanda ya shiga shakka ya tambaye su. Akwai wata matsala da ta fi damuna, wadda ba kasafai ake tambaya a kanta ba: daga ina kwabon ya fito?

Waɗannan kwabbai ba su da tsadar na zinariya, saboda an buga su da yawan gaske kuma mutane sun binne su da yawa. Da aka fara rage nauyin kuɗi a 307, mai hankali ya ɓoye tsofaffi masu nauyi ya kashe sababbi. A Afrilu 2016 ma'aikata suna haƙa a wani wurin shaƙatawa a Tomares, kusa da Ishbiliya a Andalus, suka ci karo da tuluna 19 cike da kwabban wannan zamani, nauyinsu kimanin kilo 600, adadinsu fiye da 50,000. A 2017 masu neman ƙarfe da na'ura suka tono tukunya a Rauceby ta Ingila mai kwabo 3,099, waɗanda na ƙarshensu na wajen 307 ne. Duka biyun an kai rahotonsu ga hukuma, masana suka ƙirga su, suka rubuta wanne gidan buga kuɗi ya fi yawa, wanne ne na ƙarshe. Da irin wannan aiki ake sanin wane kwabo ya riga wane, da inda kuɗin Landan ko na Kartaj suka kai. In da ɓarayin dare ne suka tono su, suka watsa su ɗaya-ɗaya a kasuwar intanet, da wannan ilimi ya tafi har abada, ko da kowane kwabo yana nan lafiya a akwatin wani.

Kuma hakan yana faruwa. An wawashe wuraren tarihi a Bulgeriya shekaru da yawa, an haƙe na Sham bayan ɓarkewar yaƙin 2011 har hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ramuka birjik. Kwabo ƙarami ne, aljihu yake shiga, ba shi da lamba. Saboda haka matsayina a nan ba shi da sassauci: wanda zai saya ya nemi tarihin mallakar kwabon, daga tarin wa ya fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi, da wace takarda ya bar ƙasarsa. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce iyakar da gidajen tarihi da yawa suke aiki da ita. Wanda aka nuna masa tulin kwabbai da ƙasa a jikinsu, aka ce arha ne, babu tambaya, ya sani kuɗinsa ne ladan mai haƙa na gaba. Mun san matsayin wanda ya sayi kaya yana zaton na sata ne.

Ga kuma jabu. Akwai na zubi, masu laushin rubutu da ƙananan ramuka a fuska, akwai na gaske da aka sake sassaƙa musu gashi da harufa, akwai waɗanda aka sake wa wankan azurfa. Na gasken ma yana da cutarsa, wata tsatsa koriya mai gari da laima take tayarwa, tana cin tagulla har ta huda ta. Shawarata ga matashin da abin ya ba shi sha'awa ita ce ya fara da ido kafin aljihu. Juzu'i na 6 na kundin Roman Imperial Coinage, wanda Sutherland ya wallafa a 1967, shi ne ya jera kwabban wannan zamani, kuma ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka ta sa jerin da hotunansa a intanet kyauta da sunan OCRE. Mutum yana iya shekara yana karanta su bai kashe ko sisi ba, ya fi wanda ya cika akwati sanin abin da ke ciki.

Saura kwabo na uku. Bayan mutuwar Maksimiyan, ɗansa Maksentiyus, wanda ya fizge wa alkyabba, ya buga kwabbai yana kiran uban abin bauta, domin ya samu hujjar yaƙar Konstantin. Konstantin ya ci shi a gadar Milbiyan ranar 28 ga Oktoba 312. Sai ga shi a 317 da 318, lokacin da yake takun saƙa da Lisiniyus kuma yake son nuna cewa gidansa gidan sarauta ne ta kowane ɓangare, Konstantin da kansa ya buga kwabban tunawa da sarakuna uku: mahaifinsa Konstantiyus, da Kalaudiyus na biyu wanda ya yi da'awar kakansa ne, da Maksimiyan, surukin da ya ritsa a Marsel ya kuma rusa hotunansa. Ƙananan kwabbai ne, sulusin nauyin na 305 ko ƙasa da haka. A bayansu an zana sarkin zaune a kan kujera, kansa a lulluɓe, an rubuta REQVIES OPTIMORVM MERITORVM, wato hutun ma'abucin mafifitan ayyuka. Karo na biyu ke nan da aka buga wa Maksimiyan hutu a kan tagulla. 'Yarsa Fausta ita ce matar sarki, 'ya'yan da za ta haifa su ne za su gaji daular, don haka ana buƙatar sunan kakansu ya wanku. Diyoklitiyan bai bar ɗa namiji ba, 'yarsa tilo an kashe ta, kuma babu sunansa a cikin wannan jeri.